Lahadin Baba Dachung

Josiah ya durƙusa a bayan ƙwallonsa yana duban kwanciyar ciyawa, Baba Dachung kuma ya turo kekensa na guragu har gwiwarsa na neman taɓa talabijin.

"Hagu take gangarawa, ɗana. Hagu!"

Tsohon ya san abin da yake faɗa. Da ƙuruciyarsa jakar sanduna yake ɗaukar wa 'yan golf a filin Rayfield na Jos, kuma shi ya fara ɗora hannun yaron a kan sanda. Ga yaron nan yanzu a gasar ƙarshe ta kakar wasa, a nan Greensboro ta Amurka, ba nisa da gidansu na McLeansville. Dokar gasar ba ta san sabo ba. Wanda ya gama kaka a ƙasan layin da aka ja a jerin 'yan wasa, an karɓe katinsa na shiga manyan gasa ke nan, sai ya koma kame-kame a ƙananan filaye. Josiah kuwa a kan layin yake tsaye daidai, kamar akuya a bakin rijiya.

Zuciya ce ta hana a kai Baba filin. Likita ya gaya wa 'yarsa Prisca ba ɓoye-ɓoye: ta taɓa kayar da shi sau ɗaya har hannu ɗaya ya shanye, in ta sake, sai dai haƙuri.

A bayan keken akwai mutumin da ke jinyarsa. Baba ba ya ƙaunarsa ko kaɗan, shi ma dai bai wahalar da kansa wajen neman a ƙaunace shi ba. Ƙato ne mai tumbi, da furfura a gefen kai, fuska kullum a ɗaure. Da Josiah ya jefa wata doguwar ƙwallo a rami na sha shida, falon ya ɗauka da ihun tsohon, shi kuwa bargon da ya zame daga cinyarsa kawai ya gyara.

"Kai wane irin mutum ne?" in ji Baba. "Ɗana ne fa a TV! Ko baƙin ciki kake yi?"

Mutumin ya koma bayan keken. Hannunsa na dama yana cikin aljihu, kuma tun da aka fara wasan bai fito da shi ba.

Hadari ya haɗu baƙi ƙirin a saman bishiyoyin filin, iska ta fara fizgar tutar rami. Baba ya waiga taga, ya ce bai iso nan ba tukuna, ya ci gaba da kallonsa. Prisca ta fito daga kicin, ko kayan coci ba ta cire ba, ta tsaya a bakin ƙofa. Ba talabijin take kallo ba, mutumin take kallo.

Aka zo rami na ƙarshe. Bugun farko ya kai ƙwallon cikin doguwar ciyawa, da ƙyar na biyu ya fito da ita. Mai sharhi ya sassauta murya, leɓen mutumin yana motsi tare da shi, wani lokaci har ya riga shi. Numfashin Baba ya fara fita da ƙara, ya dafe ƙirji da hannunsa mai lafiyar.

Can ƙwallon ta tsaya kusa da rami, tazarar ba ta fi tsawon tabarma ba. In ta shiga, kati ya tsira. In ta kauce, shi ke nan.

Mutumin ya matso a hankali har ya tsaya dab da ƙeyar tsohon. Prisca ta riƙe ƙofa da hannu biyu.

Josiah ya ja sanda baya, allon ya yi baƙi.

"Prisca! Me ya faru?"

"Storm ɗin ne, Baba. Ya katse cable."

"Ƙarya ne! Wannan mugun ne, na ga hannunsa ya motsa! Ku kore shi daga gidan nan!"

Ya zage shi da Hausa, ya zage shi da Berom, mutumin yana tsugunne yana riƙe masa kofin ruwa. Abin gwanin ban tausayi. A hankali numfashin ya daidaita, magani ya fara aiki. Kafin barci ya ɗauke shi, ya ce ai ya san ta shiga, a ajiye wa ɗansa tuwo, zai dawo da yunwa.

Sai a nan mutumin ya fito da rimot daga aljihu, ya mayar da bidiyon farkonsa saboda Lahadi mai zuwa. A waje sanyin Janairu ne, bishiyoyi babu ganye. Shekaru ke nan da ƙwallon nan ta lashi bakin rami ta wuce, Baba ya faɗi a gaban wannan talabijin, ya farfaɗo bai riƙe kowace rana ba sai waccan, bai kuma san wani ɗa ba sai siririn saurayin da ke cikin allon.

Prisca ta dafa kafaɗar mutumin, ta ce, "Zo ka ci tuwonka, Josiah."