Takardun Inna a Cikin Buhu

Tunda ka ce min jibi jirginku zai tashi, ga shi kuma har yanzu akwatinka yana saman kwaba da ƙurarsa, to gyara zama ka ji misalin wani mai albasa.

Mutumin nan manomi ne kuma ɗan kasuwa, a wani gari na ƙasar Kabi. Ba rago ba ne, kowa ya shaida. Sai dai ya saba da tafiyar mota, inda ake jibga kaya a baya a ɗaure, abin da aka manta a tsaya a hanya a saya. Wata rana mahaifiyarsa ta zame a bakin rijiya, ƙashin ƙugunta ya tsage. Aka yi ɗori bai kama ba, likitocin gida suka rubuta mata takarda zuwa wani asibiti a Masar. Aka sa ranar aiki, tikiti ya fito tun da sauran wata guda. Matarsa ta yi ta tuna masa a fara haɗa kayan Inna, shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Kaya ne fa, ba gini ba. Awa ɗaya ta isa."

Ranar tafiya, bayan sallar asuba, sannan ya sauko da akwatuna biyu. Kafin ya gama ninke zannuwan tsohuwa, maƙwabta sun cika zaure da saƙo. Wannan ta kawo kilishi a kai wa ɗanta da ke karatu a can, waccan ta kawo daddawa da kuka, wata kuma robar man shanu. Kunya ta hana shi cewa a'a. Ya danna abin da zai dannu a akwati, sauran ya zuba a buhu. Ambulan ɗin da ke ɗauke da takardun likita da hoton ƙashi ya fi ƙarfin aljihu, sai ya zura shi a gefen buhun don kada ya lanƙwashe. Suka kama hanyar Kano rana ta riga ta ɗaga.

Sun isa filin jirgi ana shirin rufe awo. Aka ɗora kayansa a sikeli, nauyi ya zarce nesa ba kusa ba. Ma'aikaciyar ta dube shi ta ce, "Alhaji, saura minti goma. A rage." Nan ya durƙusa a tsakiyar jama'a ya buɗe akwatuna, kayan tsohuwa a baje a ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ita kuwa Inna tana tsaye jingine da sanda tana cije leɓe, don bai san ana neman keken marasa lafiya tun kafin ranar ba. Wata dattijuwa da aka gama auna wa kaya ita ce ta nemo mata kujera. Akwatinta ɗaya ne, da 'yar jaka rataye a ƙirji mai fasfo da magani da takardu. Da Inna ta yaba da sauƙin kayanta, sai dattijuwar ta ce ai tun shekaranjiya ta kai akwatin sikelin mai hatsi ta auna, abin da ya yi yawa ta cire a ɗakinta, a zaune, ba mai kallonta. Mai albasa yana ji bai ɗaga kai ba. Ya kwashe robar man shanu da sauran tarkace ya cusa a buhu, ya ruga waje ya miƙa wa direban da ya kawo su, ya ce a mayar gida. Su ne na ƙarshe da suka shiga jirgi.

Washegari likita ya miƙo hannu ya ce a ba shi takardu da hoto. Mai albasa ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu, sai ya tuna ambulan ɗin yana cikin buhu. Ya buga wa direba waya. Direba ya buɗe but ɗin mota, inda buhun ya yini ya kwana, ya tarar zafi ya narkar da man shanu, murfin roba ya buɗe, takardun sun jiƙe sharkaf, rubutun ya dame. Ko hotonsu aka ɗauka da waya ba abin da za a karanta. Dole aka sake gwaje-gwaje daga farko. Kafin sakamako ya fito ranar aikinta ta wuce, an ba wani mara lafiya, kuma ba a samu wani gurbi ba sai bayan kwana goma sha tara.

Kwanakin nan a ɗakin haya suka yi su, tsohuwa kwance a gefe ɗaya, in za ta juya sai ya ɗaga ta. Ba ta taɓa yi masa faɗa ba, ko sau ɗaya. Kullum da safe in ya kawo mata ruwan alwala, abin da take tambaya kawai shi ne, "Yau saura kwana nawa, ɗan nan?" Ya faɗa mata, ta ce Allah ya nuna mana. Daga baya ya gaya wa aminansa cewa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

An yi aikin, an dace, ta dawo gida da ƙafafunta. Amma wahalar kwana goma sha tara ta riga ta sha, ba kuma wanda zai cire mata ita. Saboda haka tashi ka sauko da akwatin nan yau. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.