Manhajar da Ta Fara da Ado

Jama'a, yau a kan son burgewa zan yi magana, wato mutum ya tsara wa masu koyo abin da zai sa a tafa masa, ba abin da zai amfane su ba.

Auta ya gaji makarantar koyon ɗinki daga mahaifinsa. Manhajar da tsohon ya bari ba ta da armashi: a fara da awo, a yi ta yanka takarda har hannu ya faɗa, sannan a hau keke. Ado shi ne na ƙarshe. Yayar Auta ce ke koyar da awo da yanka.

Wata rana Auta ya je baje kolin tufafi, ya dawo yana haki.

"Yaya! Ashe barci muke yi! Kin ga rigunan da na gano? Duwatsu sai walƙiya suke! Daga gobe an canza manhaja. Da surfani da jera duwatsu za a fara!"

Yaya ta ajiye almakashi. "To awon fa?"

"Sa tsince shi a hanya."

"Auta, zauna. Ban ce kada a sabunta ba, ni ma na gaji da tsohon yayi. Amma in ɗaliba ta fita daga nan, me kake so ta iya? Rigar sawa, ko ta ratayewa? Ka tambayi telolin da ke ɗaukar ɗalibanmu aiki. Ka gwada da aji guda mu gani."

"Tambaye-tambayen nan ne suka tsufar da ke, Yaya," in ji shi, yana dariya.

Kai, makaranta ta ɗauki harama! Ɗalibai sai murna, kowa ta huta da lissafin ƙugu da kafaɗa. Zare kala-kala ya cika tebura, ana ta ɗaukar hoton wuyan riga a waya. Sababbin ɗalibai suka yi ta tururuwa har kujeru suka kasa. Tef ɗin awo kuwa yana rataye a ƙusa, ba mai waiwayarsa.

Da bikin yaye ɗalibai ya matso, Auta ya gayyaci surukinsa ya zama babban baƙo. Ya ba ɗalibar da ta fi kowa iya ado yadi mai tsada, ta ɗinka wa dattijon riga da wando. Sai da safen bikin aka kawo kayan. Surukin ya sa da ƙyar.

"Ɗan nan, kamar ta kama ni a hammata."

"Haka yayin yake, Baba! Dubi wuyan nan, ai kowa sai ya kalle ka!"

Aka kuwa kalle shi. Zaure ya cika maƙil da iyaye da teloli, ana tafi ana sowa. Dattijo ya ɗaga hannu zai miƙa takardar shaida, sai ji aka yi ɓarrr! Riga ta tsage tun daga hammata har ƙugu. Hularsa ta faɗi, ya sunkuya zai ɗauka, wando ma ya bi sahu.

Can wani tela daga baya ya ce, "Wuyan dai ya yi kyau!" Dariya ta ɓarke.

Auta ya juya kan ɗalibar. "Ke! Wane irin aiki ne wannan?"

Ta fashe da kuka a gaban kowa. "Yallaɓai, da ido na kwatanta. Ai ba a koya mana awo ba."

Ba wanda ya ƙara dariya. Yaya ta yafa wa dattijon mayafinta, aka fitar da shi ta ƙofar baya.

Ku ji da kyau, ku masu tsara karatu: a fara sanin me ake so mai koyo ya iya, a yi shawara, a gwada, a sa na farko a farko. Auta bai yi ba, ga abin da ya rasa. Teloli sun daina ɗaukar ɗalibansa. Iyaye sun janye 'ya'yansu. Yaya ta ɗauki almakashinta ta buɗe aji a gida. Surukinsa ba ya amsa gaisuwarsa. Kekunan mahaifinsa suna nan a lulluɓe, ba mai hawa.