Dawakan Timothy Ashirin da Huɗu

Ƙarfe huɗu saura kwata Timothy Gyang ya gyara firam na ƙarshe, ya ja da baya ya dubi bangon kamar shi ya gina shi. Hotuna ashirin da huɗu ne a zauren wani otal a Barnawa, kowanne da doki tsaye gaban baƙin ƙyalle. Akwai baƙi wuluk, akwai ja, akwai mai dabbare-dabbare. A ƙarƙashin kowane hoto an manna ɗan kati da sunan garin da aka ɗauke shi: Sakkwato, Gashuwa, Damagaram, har da wani ƙauye a Chadi da ba wanda ya iya furta sunansa.

Wannan ne nuninsa na uku. A na farko mutum goma sha ɗaya suka zo, bakwai daga cikinsu 'yan cocinsu ne. Na biyu ruwan sama ya hana kowa fitowa. Yau kuwa Madam Irene za ta zo, mai gidan nunin hotuna a Legas, kuma ta ce idan aikin ya yi mata za ta kwashe shi duka zuwa can. Shekara tara Timothy yana jiran rana irin wannan, tun da ya daina ɗaukar hoton fasfo a bakin kasuwar Kakuri, ya sayi malafa da dogon takalmin sukuwa. Bai taɓa hawa doki da takalmin ba, amma kowace Asabar sai ya shafa masa mai.

Matarsa Scholastica, mai shagon gyaran gashi a Makera, ita ta soya cincin da nama, ita ta goge gilashin kowane firam. Abu ɗaya ta roƙa.

"Baban Favour, in ka tashi jawabi ka ambaci sunana. Sau ɗaya ma ya isa."

"Ke dai ki tsaya wajen abinci," in ji shi. "Kuma ki sa safar hannu. Manyan mutane ne za su zo, kada su ga faratan nan naki."

Ta sa safar.

Manyan mutanen suka zo, suka cika zauren da turare. Cikinsu akwai Manjo Dauda mai ritaya, wanda ya taɓa zama kusa da filin folo, saboda haka ake ɗaukarsa masanin dawaki. Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya da sandarsa.

"Wannan baƙin jinin Larabawa ne, ku dubi wuyansa. Wancan jan kuwa dokin talaka ne, ko kusa ba su haɗa iri ba."

Jama'a suka gyaɗa kai, wasu har da rubutawa a waya.

Madam Irene ta iso ƙarfe biyar da minti goma. Ba ta yi magana da kowa ba sai da ta zagaya zauren sau biyu, Timothy na biye da ita, malafarsa a hannu.

"Me ya sa dukansu hagu suke kallo?" ta tambaye shi.

"Salona ne, Madam. Hagu ne ɓangaren zuciya."

Ta ce amsar ta yi kyau. Ta zaro takardar yarjejeniya daga jakarta ta nuna masa, ta ce bayan jawabi za su sa hannu.

Jawabin ya ɗauki minti ashirin da biyu. Ya ba da labarin yadda ya kwana a rugage, da yadda wani ingarma ya kusa karya masa haƙarƙari a Damagaram. Ya gode wa Ubangiji, ya gode wa Manjo, ya gode wa manajan otal. Daga ƙarshe ya kira Jessica, budurwar da ke rubuta masa katunan nan, ya riƙe hannunta a gaban jama'a, ya ce ita ce ta raka shi kowace tafiya, kuma ita za ta raka shi Legas. Aka yi tafi.

Scholastica ta san tsawon kowace tafiya. Ta jira ko zai ƙara wani suna. Ya sauka daga dandamali, 'yan jarida biyu suka tare shi.

Madam Irene ta zo teburin abinci, takardar a hannunta, ta ɗauki cincin.

"Ke ce mai girkin? Hannunki da daɗi."

"Ni ce matarsa, Madam."

"Ashe haka ne. Bai faɗa ba."

"Bai faɗa ba." Scholastica ta fara zare safar, yatsa bayan yatsa. "Wanne ya fi burge ki?"

"Baƙin nan mai doguwar geza, na Chadi. Da shi zan buɗe nunin."

"Kin iya zaɓe. Shi ya fi ba ni wahala."

Daga can ƙarshen zauren Timothy ya hango su. Ya bar ɗan jarida da tambaya a baki, ya fara ratsa mutane da sauri, takalminsa na ƙara a kan tayil. Manjo ya kama hannunsa zai yi masa bayanin wuyan doki, ya fizge.

"Wahala kamar yaya?" in ji Madam Irene.

Scholastica ta ninke safar ta ajiye a gefen faranti.

"Kwana biyu ina tsaye, kwalin rini goma sha shida, gezar kuma gashin kanti ne na ɗinka masa. Doki ɗaya ne, Madam, tsohon farin nan mai ido ɗaya da ke ɗaure a bayan shagona, wanda yara ke hawa ranar Kirsimeti. Sau ashirin da huɗu ina canza masa kala."