Awarar Mai Jego

Shekarar da aka hana yanka dabbobi Hansatu ta haihu, sai nono ya ƙi zuwa. Hankalin uwarta, Inna Tabawa, ya tashi, don a saninta da naman ƙauri ake tayar da mai jego.

Ta garzaya wurin Barmo, tsohon mahaucin unguwa, wanda yanzu awara yake gasawa a tukubarsa.

"Inna, ba ta wannan da ƙuli-ƙuli," in ji shi. "Da safe kunun gyaɗa, da rana wake."

Ranar suna jaririn ya sha ya ƙoshi. Tabawa ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Allah ya biya Barmo!"

Ragon suna da ke turke ya ɗago kai, 'yar fitilar da hukuma ta maƙala masa don kada a yanka shi tana ƙyaftawa a kunnensa.