Aron Gani da Aron Gyara

Karo na uku ke nan Kwaɗo ya dawo wa ma'aikaciyar da suke kira Shiru da aikinta. Kwaɗon kulle ƙofa ake nufi da laƙabin, ko da yake kumatunsa ba su ƙaryata ɗaya ma'anar ba. Shi ne babban mai duba aiki a kamfaninsu na rubuta manhajar kwamfuta, babu layin rubutun da ke shiga manhaja sai da sa hannunsa.

Manhajar ta ajiye makin jarrabawa ce, wata makaranta a bayan kasuwa ta ba su kwangilarta. A cikinta makin kowane ɗalibi a kulle yake, duk sashen da ke buƙatarsa sai ya bi ta ƙofa guda. Abin da ƙofar za ta miƙo shi ne rigimar: ko aron gani kawai, ko aron da mai karɓa zai iya gyara abin da ya ara.

Shiru ta zaɓi aron gyara, kuma tana so ya wuce kafin makarantar ta fitar da sakamako ranar Juma'a.

"Malama, ki kulle ɗaki sannan ki rataye mabuɗin a jikin ƙofa?" in ji Kwaɗo. "Kai, wannan basira! A kawo mata lambar yabo."

Ofis ya fashe da dariya. Ita da ko a kan canjin kujera ba ta taɓa yin gardama ba, ranar sai ga baki. Ta ce malamai na kuskuren shigar da maki, ya kamata a bar musu hanyar gyara. Ta zana a allo, ta goge, ta sake zanawa. Wayarta na ta ruri daga gida, tana kifewa.

Kwaɗo ya ji daɗi ƙwarai. Shekara da shekaru yana wa'azi mutane na hamma, yau ya samu mai kishin sana'a. Ranar Alhamis ya sa hannu, har da jawabi: matasa su yi koyi da ita, aiki take yi kamar nata.

Ta yi godiya. Ta ɗan daɗe a kan kwamfutarta bayan an tashi, sannan ta tafi gida.

Ta tarar da ɗanta, ɗalibin makarantar nan ta bayan kasuwa, a bakin gado, idanu sun kumbura da kuka.

"Tashi ka wanke fuska," ta ce. "Ka ci lissafi."