Matar da Ta Ɗaure Zakara a Gindin Taga

Sa'ade, kin ce min a waya manyanku a wurin aiki sun ce maganin barcin da kuke haɗawa ba shi da ƙarfi, wai gara a jingine binciken a koma irin wanda ke kasuwa. Na ji muryarki ta yi sanyi, abin bai min daɗi ba. Ni dai ban san kan kwalaben gwajinku ba, amma ga wani misali, ki juya shi a ranki.

An yi wata mata mai haɗa magani a wani gari na bakin kogi. A kasuwar garin akwai wani tsimin barci da ake kira ka-da-giwa. Wanda ya kurɓa sai ya kife kamar gungume, ya farka rana ta take, baki da ɗaci, ƙafafu kamar na aro. Kafin a jima ludayi ɗaya ba ya isar sa, in kuwa ya ce zai bari, sai jiki ya ɗau rawa. Ƙanen matar nan mai fito ne, yana ƙetarar da mutane kogi a kwalekwale. Barci ya ƙaurace masa tun rasuwar matarsa, shi ma ya faɗa shan tsimin. Wata safiya, ranar kasuwa, gyangyaɗi ya kwashe shi a tsakiyar ruwa, kwalekwale ya kife da mutane da kayansu. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma sarkin ruwa ya karɓe jirgin, ya ce ko akuya ba zai ƙara ɗauka ba.

Daga ranar yayar ta ɗaura ɗamara. Ta ce da yardar Allah sai ta haɗa maganin da zai kwantar da mutum bai sace masa safiyarsa ba. Ta shiga janye masa tsimin kaɗan-kaɗan, don ta san ba a yanke shi farat ɗaya. Ta sayo zakara ta ɗaure a gindin tagarsa. Duk haɗin da ta ba shi, in zakara ya yi cara bai motsa ba, sai ta tuttular da tukunyar a bayan gida, ko da kuwa saiwoyin cikinta daga wata uwa duniya ta samo su. In ya ji cara ya tashi garau, saura gwaji na biyu: sai ta ɓoye goran maganin. Ya zo yana mata magiya, idanu jajur? Wannan ma ta zubar.

Gari ya samu abin dariya. In ta wuce, mata a bakin rijiya sai su ce ga malamar zakara nan. Masu sayar da tsimi suka kai ta gaban sarkin kasuwa, wai tana ɓata musu sana'a da bakinta. Babbansu ya ce, "Ke baiwar Allah, wa ya taɓa haɗa maganin da za a sha a daina saye? Tuwon me za ki ci?" Ta ce, "Malam, ku ci gaba da kiwon naku a turke. Ni kwance nawa zan yi." Aka tashe ta daga rumfarta, ta koma zauren gida. Wani ya sace zakaran ya yi miya da shi, ta aro na maƙwabta. Mijinta ya ce bayan gidansu ya fi kowa a garin shan magani, ta ce ai shi ma yana da haƙƙi.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Ran nan zakara ya yi cara, ta leƙa ɗakin ƙanen ta tarar an naɗe tabarma, shi yana tsakar gida da buta yana alwala. Ta yi hamdala a zuci, ta ɓoye goran. Shiru bai tambaya ba. Da ta gaji ta fito da shi ta rataye a bangon ɗakinsa, nan ya zauna har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa.

Suka je wurin sarkin ruwa. Ya ce, "Jirgi kam ga shi, amma wa zai yarda ya shiga?" Ta tattare zaninta, ta taka ta zauna a tsakiya, zakara a hammata. Ƙanen ya kai ta ƙetare ya dawo da ita, ko gefen zaninta bai jiƙe ba. A sawu na biyu, matan bakin rijiyar nan ne ke rige-rigen wuri.

To Sa'ade, gobe ki yi sallarki, ki ɗaura ɗankwalinki da kyau, ki koma musu. In sun ce ba shi da ƙarfi, ki tambaye su wanda ya sha nasu ko yana jin kukan ɗansa da asuba. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.