Motar da Ba Ta da Dangi

Tunda ka ce shawara ta kawo ka, Zubairu, mayar da hotunan motocin nan aljihu tukuna. Na ga akori-kurar da ranka ya kwanta da ita, kuma ba zan ce ba ta da kyau ba. Amma ka ce so kake ka sayi wadda za ku tsufa tare, to bari in ba ka misali.

Wasu manoma biyu ne gonakinsu ke haɗe a wata fadama, can inda kwalta ta ƙare, sai burji, sai yashi, sai wani mashigi da ke cika da damina. Tumatir suke nomawa, kai kuwa ka san halinsa, in an tsinke shi ba ya jiran kowa. Shekarar da Allah ya buɗa musu, kowannensu ya ƙudura sayen motar da za ta riƙa fitar masa da kaya. Na farko ya tafi birni, dillali ya zaga da shi, ya zaɓo wata ƙatuwa mai ja da ƙafa huɗu, ciki sanyi ƙalau, gaban sitiyari fitilu birjik. Abin da ya fi burge shi shi ne da aka ce masa duk yankinsu babu mai irinta. Na biyu kuwa bai je birni ba sai da ya gama ɓata wa mutane rai da zama. Duk ranar kasuwa yana gindin bishiyar bakaniken tasha, yana kallon motocin da ke fitowa daga daji da taɓo har ƙofa. Ya duba kayan gyaran da ke rataye a rumfuna, na wace mota ne. Ya zaga bayan gareji ya ga gawarwakin motocin da aka jibge, ya lura yawancinsu iri ɗaya ne da masu yawo a hanya. Irin wannan ya je ya sayo, ba sabon yayi ba, ba ado, gilashinta ma da hannu ake murzawa. Mutane suka yi ta tsokanarsa, wai wata rana zai ɗauki ta wani a tasha bai sani ba.

Gaskiya ɗaya ce, motar na farko ba raguwa ba ce. Shekarun farko ita ke wuce kowa a yashi, har ta taɓa janyo ta maƙwabcin nasa daga laka, mai ita kuwa bai bar labarin ya mutu ba. Amma ƙarfe ƙarfe ne, babu motar da ba ta ciwo. Wata damina, ranar babbar kasuwa, su biyun suka shaƙe motocinsu da kwandunan tumatir, amfanin da kowannensu ya dogara da shi na shekarar, suka faɗa mashigin nan ruwa ya kai gwiwa. Ta na biyu ta daki dutse, sifirin ɗin baya, ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta, ya karye, ta zauna a gaɓa. Ta na farko ta haye lafiya lau, ta yi 'yar tafiya, wata fitila ta kama a gaban sitiyari, motar ta mutu shiru. Aka aika wa bakanike, ya zo a kan babur. Ya leƙa ƙarƙashin ta biyu, ya koma bayan garejinsa ya kwance sifirin daga gawar wata 'yar'uwarta, ya ɗaura. Kafin azahar mutumin yana kasuwa yana ciniki. Da bakaniken ya buɗe gaban ta farko, sai ya tarar komai a rufe cikin baƙar roba, babu abin da ya karye balle ya ɗaure. Ya goge hannu ya ce, "Alhaji, wannan ba ta sukuddireba ba ce, sai an kawo kwamfuta daga birni." Mai kwamfuta bai iso ba sai washegari. Ya ce ruwa ne ya shiga wani ɗan abu da bai fi gidan ashana ba, kuma babu shi a ƙasar nan, sai an yi odarsa. Maƙwabcin ya dawo ya kwashe masa abin da ya samu, amma rabin kwandunan sun riga sun zama ruwa, ƙuda ya rufe su. Na tausaya wa na farkon nan ƙwarai, domin ba rago ba ne, guminsa ne ya tsiyaye a bakin hanya yana tsaye yana kallo. Abin ya iso daga baya, aka gyara, wani ya sake lalacewa, aka sake jira. Yanzu motar na ƙofar gidansa a kan duwatsu, fentinta na ƙyalli, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Ta maƙwabcin ta sha walda har ba a san kalarta ta asali ba, amma har gobe ita ke fitar da kayan gonakin biyu.

Saboda haka kafin ka biya, ɗana, kada ka tambayi dillali yadda take gudu tana sabuwa, ai kowace amarya da kyanta. Je ka inda kwaltar garinku ta ƙare, ka tambayi bakaniken wurin ko ya san cikinta, ka duba ko tana da dangi, masu rai da matattu. Ranar da za ta tsaya maka a daji da kaya a baya, su za ka nema. Hausawa sun ce, ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.